Darasin Kiwon Lafiya: Maganin Ciwon Kai Mai Sa Barci

Mutanen karkara da yawa sukan shigo birnin Kano cin kasuwa. Wasu daga Gezawa, wasu daga Kura, wasu daga Dawakin Tofa. Su sayar da abin da suka kawo, su zaga Kurmi ko Kasuwar Rimi su yi sayayya. Kafin su shiga mota su koma gida, da yawansu sukan tsaya a kemis. Abin da aka fi ji a bakinsu shi ne, "A haɗa mini maganin ciwon kai." Yaron kemis ya ɓallo fara, ya ɓallo ja, ya ƙara da wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle a leda. Babu kwali, babu suna. Mai saye ya biya ya kama hanya.

Idan ya sha, barci mai nauyi ya kwashe shi, sai ya ce lallai wannan magani yana da kyau. Sati na zagayowa ya ba da saƙo a ƙaro masa.

Darasin wannan wata a kan wannan barcin yake. Akwai magungunan ciwon kai da ake haɗa su da maganin barci. Mafi haɗari a cikinsu su ne waɗanda ke ɗauke da wani sinadari mai suna babituret. Suna kawo sauƙi nan take. Amma idan aka saba da su, su da kansu suke mayar da ciwon kai na jefi-jefi ya koma na kullum.

Ciwon kai iri biyu

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san ciwon. Ciwon kan da ke tafiya ya dawo, ba tare da zazzaɓi ba, galibi iri biyu ne.

Na farko shi ne ciwon kai na gajiya, kuma shi ya fi yawa. Mai shi yakan ji kamar an naɗa masa rawani an ja da ƙarfi. Yana kama kai duka, dama da hagu, har ya sauko ƙeya da wuya. Ba ya kwantar da mutum, amma yana hana shi sukuni. Yakan yi rabin awa ya tafi, yakan kuma kai kwanaki. A cikin birni yakan kama matan da ke ɗinkin hula, da masu surfani, da teloli, domin suna yini a sunkuye, ido a kan allura. A ƙauye kuwa, ɗaukar kaya a ka yana tayar da shi. Haka yini a gona ba a sha ruwa ba, da ƙarancin barci, da tunanin bashi.

Na biyu shi ne ciwon kai na ɓari ɗaya, wanda likitoci ke kira maigiren. Wannan ya fi tsanani. Kai yakan riƙa sara kamar ana buga ganga a ciki, yawanci a gefe guda. Zuciya ta riƙa tashi, wani har ya yi amai. Mai shi ba ya son haske, ba ya son hayaniya, ko kukan yaro ba ya son ji. Wasu kafin ya fara sukan ga walƙiya ko wasu zane-zane suna gilmawa a idonsu. Wannan ya sa a wasu gidaje ake cewa iska ce ta taɓa mutum, alhali cuta ce sananniya ta ƙwaƙwalwa, kuma ana gadonta. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3. Kimanin mutum 1 cikin 7 a duniya yana fama da shi. Ya fi kama mata, musamman dab da zuwan al'ada.

Duka biyun ba sa kisa. Amma mai su yakan gaji, har ya riƙa shan duk abin da aka miƙo masa. Nan ne matsala take farawa.

Mene ne babituret?

Babituret sunan gida ne, watau dangin magunguna masu yawa. Asalinsu ƙasar Jamus. A shekarar 1864 wani masani mai suna Adolf von Baeyer ya haɗa sinadarin da aka samo su daga jikinsa. A 1904 aka fara sayar da na farko a matsayin maganin barci, da sunan Veronal. A 1912 aka fito da fenobabiton. A wannan shekara ce wani matashin likita, Alfred Hauptmann, ya ba masu farfaɗiya shi don su yi barci da dare. Sai ya lura faɗuwarsu ta ragu. Tun daga nan ya zama maganin farfaɗiya, har yau.

Fiye da shekara 50 waɗannan magunguna ne kan gaba wajen sa barci a duniya. A hankali aka gane illarsu. Mutane suna kamuwa da su ba sa iya bari. Wasu kuma suna kwantawa ba sa tashi. Da aka samu wasu magungunan, irin su Valium da ya fito a 1963, sai likitoci suka ja baya da babituret. A 1971 ƙasashen duniya suka yi taro a birnin Biyana suka ƙulla yarjejeniyar sa ido a kan sayar da irin waɗannan ƙwayoyi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita.

To me ya haɗa maganin barci da ciwon kai? Kamfanoni ne suka ga cewa idan aka haɗa shi da maganin ciwo, mai sha ya fi jin daɗinsa. A Amurka akwai wani ɗan gidan mai suna butalbital. Akwai ƙwayar da ake kira Fiorinal, wadda a cikinta akwai butalbital miligiram 50, da asfirin 325, da kafeyin 40. Kafeyin shi ne abin da ke cikin goro da shayi mai wartsake mutum. Akwai kuma Fioricet, wadda aka sa farasitamol a maimakon asfirin. Can Amurka aka fi shan su. Wasu ƙasashen Turai sun hana sayar da irinsu. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ita ma ta ja kunnen 'ya'yanta, kada su ba mai maigiren butalbital sai in duk wata hanya ta gagara.

A Kano, ɗan gidan da aka fi sani shi ne fenobabiton. 'Yar ƙaramar ƙwaya ce, yawanci fara, kuma tana da araha. Arahar nan alheri ce ga mai farfaɗiya. Amma ita ce kuma ke sa ƙwayar ta faɗa hannun wanda bai kamata ba. Doka ba ta ba mai kemis izinin sayar da ita ba. Sai a kantin famasi ko a asibiti, kuma sai da takardar likita.

Ba kowane maganin da ke sa barci ne babituret ba. Piriton na mura ma yana sa gyangyaɗi. Amma wanda ya karɓi haɗi a leda ba shi da hanyar sanin wanne aka ba shi.

Yadda magani ke zama cuta

Babituret ba ya zuwa inda ciwon yake ya gyara. Aikinsa shi ne ya sanyaya ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Tunani ya yi sanyi, jiki ya saki, ido ya yi nauyi. Gaskiya ne gwaji ya nuna haɗin butalbital yana sauƙaƙa ciwon kai na gajiya. Sai dai farasitamol da asfirin ma suna yin wannan aiki, ba tare da sun bautar da mutum ba.

Abin lura na farko shi ne daɗewarsa a jiki. Sauƙin da butalbital ke bayarwa ba ya wuce 'yan awoyi. Amma kafin rabinsa ya fita daga jiki sai an yi kimanin awa 35. Fenobabiton ya fi haka, yakan kai kwana 4. Ke nan wanda ya sha yau, ya sha gobe, ya sha jibi, tarawa yake yi. Na jiya bai fita ba ya ɗora na yau. Ga shi zai hau babur, ko ya shiga rijiya yasa, ko ya tsaya gaban injin niƙa.

Na biyu, jiki yana sabawa. Ƙwaya 1 da ke aiki a da, sai ta daina. A koma 2, a koma 3. Amma adadin da ke tsayar da numfashi ba ya matsawa sosai. Kullum mutum yana ƙara kusantar bakin rami bai sani ba. Kuma babu wata allura da ke karya babituret idan ya yi yawa a jiki. Abin da asibiti ke iya yi shi ne a taimaki numfashin mutum har maganin ya fita.

Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ya fi yawa. Yawan shan maganin ciwon kai yana haifar da ciwon kai. A ɗauka wata mai ɗinkin hula ce a Yakasai. Da farko kanta yana ciwo sau 2 ko 3 a wata. Ta samu haɗin da ke kwantar mata da shi. Ganin yana aiki, sai ta fara sha tun ciwon bai kama ba, don kada ya hana ta gama ɗinki. Ƙwaƙwalwa ta saba da samun magani. Duk sa'ad da ƙarfinsa ya ragu a jini, sai kai ya fara sara. Ta farka da asuba da ciwon kai, ta sha, ya lafa. La'asar na yi ya dawo. Bayan wata 6 kanta yana ciwo kusan kullum. Ita a ganinta ciwon ne ya ƙaru, don haka take ƙara magani. Nan kuwa maganin ne ke ciyar da ciwon. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Kowane maganin ciwo yana iya jawo haka, har Panadol da garin Alabukun. Bambancin shi ne saurinsa. Likitocin duniya sun sa iyaka. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon sama da wata 3, ya shiga haɗari. Idan maganin haɗi ne, ko mai kodin, ko Tramol, iyakar kwana 10 ce. Babituret ya fi su duka sauri. A 2008 an fitar da wani bincike a Amurka da ya bi mutum fiye da 8,000 masu maigiren. An gano masu shan butalbital sun ninka sauran wajen komawar ciwonsu na kusan kullum. Ko kwana 5 a wata ya isa ya fara ɓarna.

Kwanaki ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba. Wanda ya sha ƙwaya 1 kullum har kwana 20 ya fi shiga wannan tarko a kan wanda ya sha 6 a cikin kwana 2 ya bari.

Waɗanda abin ya fi shafa

Wanda ke shan kodin, ko Tramol, ko Valium, ko barasa, idan ya ɗora babituret a kai, yana iya kwantawa numfashi ya tsaya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Kano. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta mutum fiye da miliyan 1 a jihar suna ta'ammali da kayan maye. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Fabrairun 2024 kuma hukumar NAFDAC da ta PCN suka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari, don a koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro inda ake sa ido. Duk da haka hukuma ba za ta bi kowa har ɗaki ba.

Mata suna da nasu haɗarin daban. Babituret yana ratsawa ya isa ga ɗan da ke ciki. Yana kuma fita a nono, jariri ya riƙa barci ya kasa tsotso. Har ila yau yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu. Mace tana ganin tana kan tsari, sai ta wayi gari da ciki.

Tsofaffi kuwa yakan sa su jiri da ruɗewa, su faɗi su karye. Yaro ƙarami da ya tsinci ledar ƙwayoyi a ƙarƙashin filo, 'yan kaɗan sun isa su hallaka shi. A ajiye magani a sama, ko a cikin akwati mai kwaɗo.

Mai farfaɗiya kada ya tsorata

Wani zai ji wannan darasi ya ce ashe maganin ɗansa mai farfaɗiya guba ne, ya je ya zubar. Wannan babban kuskure ne. Fenobabiton yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga mai farfaɗiya rahama ne, yana hana shi faɗawa wuta ko ruwa. Wanda likita ya ɗora a kai ya ci gaba da sha yadda aka ce, a kan lokaci. Idan aka tsayar da shi farat ɗaya, farfaɗiyar tana iya dawowa ta yi ta bugu ba tsayawa.

Abin da ake hani a kai shi ne a ɗebi na mai farfaɗiya a ba mai ciwon kai ko mai rashin barci. An cuci mutum biyu ke nan. Ɗaya nasa ya ƙare kafin lokaci, ɗaya kuma an sa shi a hanyar da fitarta ke da wuya.

Shi ma wanda ya riga ya saba da ƙwayar barci saboda ciwon kai, kada ya yanke ta dare ɗaya. Jiki yana iya kama rawa, barci ya ƙaurace, har ya yi jijjiga ko da bai taɓa farfaɗiya ba. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ana iya zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Zuwa Dawanau ba ya nufin mutum ya haukace. Can ne ake da masanan wannan aiki.

Amfanin karatu

A nan ne ɗalibin yaƙi da jahilci ya fi maƙwabcinsa. Yana iya cewa a ba shi magani a cikin kwalinsa ko katinsa, ya karanta da idonsa. Sunayen Turanci ne, amma ba sai an ji Turanci ba. Haruffa kawai za a duba. Idan aka ga "barb" a tsakiyar suna, ko aka ga ya ƙare da "bital" ko "bitone", to ɗan gidan babituret ne. Alal misali Phenobarbitone, da Secobarbital, da Butalbital. Haruffan P da h idan suka haɗu, ana karanta su kamar F. A duba kuma lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, wadda ake rubutawa bayan haruffan EXP. Ko ɗan'uwa ne ya aiko da magani daga ƙasar waje, a karanta shi, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Rubutu ma yana da nasa aiki. A samu kalanda ko bayan littafin aji. Duk ranar da kai ya yi ciwo a ja layi. Duk ranar da aka sha magani a yi zagaye. Ƙarshen wata a ƙirga. Idan zagaye ya kai 10, lokacin ganin likita ya yi. Wannan 'yar takarda ta fi dogon bayani amfani a gaban likita. Sau da yawa ita ke nuna abin da ke tayar da ciwon, ko yunwa ce, ko zafin bazara, ko kwanakin al'ada, ko rashin goro da shayi a farkon azumi.

Ga ciwon kai na yau da kullum, babban mutum yana iya shan farasitamol mai lamba 500 guda 2. Kada a sake sai bayan awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce guda 8 a yini da kwana, domin yawansa yana lalata hanta. Ba a ba yara asfirin. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su ma su guje shi. A sha ruwa sosai, a ci abinci, mai ɗinki ya riƙa miƙewa yana motsa wuya. Mai maigiren ya sha maganinsa da wuri, ya kwanta a ɗaki mai duhu, a sa masa tsumma mai sanyi a goshi. Idan yana yawan tashi, akwai magungunan rigakafi masu araha da likita ke rubutawa, irin su Propranolol da Amitriptyline. Akwai kuma Sumatriptan, wanda aka yi musamman don maigiren. Wanda yawan shan farasitamol ya jawo masa ciwon kullum, idan ya bari, kan zai ƙara tsanani na 'yan kwanaki ko mako 2, sannan ya fara lafawa. Sai an daure.

Ciwon kan da ba a kwana da shi

Akwai wata illar ƙwayar barci da ta fi duk waɗanda aka ambata gaggawa. Tana rufe alamar babbar cuta. Mutum yana barci, 'yan gida suna murna ya samu sauƙi, nan kuwa suma yake shiga.

Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce. Dattawan Kano ba su manta da 1996 ba. A wannan shekara cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa. Ta fi tashi daga hunturu zuwa bazara, kuma tana kisa cikin kwana 1 ko 2. Mai ciki da kanta ke sara, ƙafa da fuska suka kumbura, ido yana ganin dishi-dishi, tana dab da jijjiga, a gaggauta kai ta a auna jininta. Haka ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya kamar saukar aradu, ko wanda ya zo da karkacewar baki da mutuwar hannu, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko bishiya. Idan kuma mutanen ɗaki guda suka tashi duk kansu yana ciwo, bayan sun kwana da garwashi ko janareta a kusa, hayaƙi ne. A fitar da su iska nan da nan.

A duk waɗannan ba a tsayawa a kemis. A nemi mota ko babur a nufi asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. A tafi da ledar duk maganin da marar lafiya ya sha, har da ragowar haɗin, a miƙa wa likita.